Tsani Ɗaya da Mai Riƙe Shi

A duk ma'aikatan laburaren kwalejin, mutum ɗaya ne ba a taɓa ɗauka aiki a wurin ba. Aro shi aka yi. Ɗalibai suna kiransa Baba Tsani, malamai ma haka, matarsa ma idan ya ɓata mata rai da wannan sunan take ƙwala masa kira daga kicin.

Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, matashi ne a sashen ayyuka na kwalejin, wurin masu gyaran famfo da ƙofofi da karyayyun kujeru. A lokacin aka kawo wa laburare sababbin kantocin littattafai masu tsayi har kusa da silin, kamar wanda ya yi odarsu bai taɓa ganin tsawon ɗan Adam ba. Shugaban laburaren na wancan zamani, wani dogon dattijo da ake kira Malam Shiru saboda ko gaisuwa da raɗa yake amsawa, ya aika sashen ayyuka a ara masa tsani. Su kuwa suna da doka, tun ranar da wani malamin lissafi ya faɗo ya karya haƙarƙari: tsaninsu ba ya fita shi kaɗai. Saboda haka aka rubuta a takardar aro: "Tsani ɗaya na ƙarfe mai hawa tara, da mai riƙe shi. Dukansu lafiya lau. A dawo da su bayan mako biyu." Matashin ya saɓa tsani a kafaɗa, ya bi masinja a baya.

Mako biyu suka cika aiki bai ƙare ba. Malam Shiru mutum ne da ya san abu ɗaya tak game da kayan aro: idan ba ka gama da shi ba, ka sabunta. Ya kai takardar kantar bayar da littattafai, aka buga mata hatimi da sabon kwanan wata, kamar yadda ake yi wa kowane littafi. Sashen ayyuka ba su zo neman kayansu ba. Ofishin biyan albashi bai taɓa tambayar inda mutumin yake wuni ba. Shi ma bai tuna wa kowa ba, domin a laburare akwai fanka, a sashen ayyuka kuwa rana ce da kwalbati.

Tun daga nan, duk bayan mako biyu, ranar Talata, sai ya shiga layi tare da ɗalibai. Su da littattafansu a hannu, shi da takardarsa. Matar da ke kan kantar, wadda kowa ke kira Mai Hatimi, tana budurwa ta fara sabunta shi, yanzu tana da jikoki.

"Kayan aro, an zo?" take cewa, ko ɗaga kai ba ta yi.

"An zo, a ƙara mini mako biyu."

"Babu wanda ya nemi ka?"

"Babu."

Sai ta buga. Da bayan takardar ya cika aka liƙa mata wata, ita ma ta cika aka ƙara, har ta zama doguwar aba da ake naɗewa kamar tabarma. Ya ɗinka mata jaka ta musamman. A cikin aron ya yi aure, a cikin aron aka haifa masa 'ya'ya biyar. Ranar da surukinsa ya tambaye shi a wane ofis yake aiki, ya daɗe yana bayani, tsohon ya gaji ya ce, "To, Allah ya sa kada su tuna."

A rubuce, aikinsa riƙe tsani ne kawai. To amma dokar laburare ta hana ɗalibi hawa, manyan ma'aikata kuma ba su ga abin da zai sa mai digiri ya hau tsani ba. Sai ya zama shi ke hawa, ɗalibin da ke neman littafin shi ke riƙewa. Shekara ashirin da bakwai mai riƙe tsani bai riƙe tsani ba, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Sama ta zama ƙasarsa. Ɗalibi zai zo a rikice, ya manta sunan littafi, ya manta marubuci, abin da ya riƙe kawai shi ne kore ne kuma bayansa ya yage. Baba Tsani zai ja tsaninsa zuwa layi na huɗu, ya hau, ya miƙo. Ya san masu ɓoye littafi a bayan wasu idan jarrabawa ta matso, don kada ɗan ajinsu ya samu, yana bi da safe yana tonowa yana mayarwa. Ya san malamin da ke aron littattafai goma ya jera a ofis don baƙi su gani. Idan yarinya ta zo neman littafin da ake bayarwa na awa biyu kacal ta tarar wani ya riga ta, ba ya barinta ta tsaya tana matse ido. Zai ce, "Zo, 'yata, akwai wansa a sama, tsoho ne amma maganarsu ɗaya."

Shi kansa bai taɓa fita da littafi ba. Ya nemi katin aro sau ɗaya, Malam Shiru ya duba kundin dokoki ya raɗa masa cewa babu inda aka ce abin da aka aro yana iya aron wani abu. Saboda haka a kan tsani yake karatunsa, shafi ɗaya kafin ya sauko. A haka ya gama wani ƙaton littafi kan kiwon kifi cikin shekara huɗu, duk da cewa ko bokitin kifi ba shi da shi.

Yana son wurin nan, so na gaske. Yana son ƙamshin tsohuwar takarda da safe kafin a buɗe tagogi, da yadda ɗaki mai mutum ɗari biyu ke yin tsit sai ƙarar fanka. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba: duk shekara idan za a ɗauki hoton ma'aikatan laburare, shi ake ba riƙon jakunkuna.

Akwai kuma abin da ya ɓoye. Shekara biyu ke nan gwiwarsa ta dama tana yi masa gardama, idonsa na hagu kuma ya yi yana, rubutu ya koma masa kamar tururuwa a cikin ruwa. Daga hawa na shida zuwa sama, da addu'a yake ƙarasawa. Sai ya ɓullo da dabara. Kullum ya sauko da littafi ɗaya ko biyu daga waɗanda aka fi nema ya saka su a tsakiya, ya tura waɗanda ba mai taɓawa can ƙololuwa. A gaban mutane yana tafiya a miƙe kamar soja, sai ya shiga lungun kantoci yake dafa bango ya cije leɓe.

Ana cikin haka aka kawo sabuwar shugaba, wata matashiya mai digirin dakta, wadda a shekaru ya isa ya haife ta. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya, mutum ce dai mai son kowane abu ya zauna inda aka rubuta. Ta sa aka zuba duk katunan aro a kwamfuta, kwamfutar kuwa an koya mata cewa ba a sabunta abu fiye da sau biyu. Ranar Talatar da Mai Hatimi ta shigar da lambar takardarsa, na'urar ta yi ƙara, allon ya yi ja. Aka kashe aka kunna, ta sake yin ja.

Dakta ta fito daga ofis ta leƙa allon. "Wane littafi ne aka sabunta sau ɗari bakwai da biyu?"

Mai Hatimi ta nuna shi da baki. Yana tsaye a layi tsakanin ɗalibai biyu, jakarsa a hammata.

A ofis, Dakta ta warware takardar, ta cika tebur, ta zubo ƙasa, ta kai bakin ƙofa. Ta karanta layin farko sau uku.

"Baba, wannan mai riƙe shi ɗin, kai ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kana nufin kai ba ma'aikacinmu ba ne?"

"Naku ne mana. Na aro."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, za ta rubuta wa magatakarda a mayar da shi ma'aikacin laburare a hukumance. Ta kuwa rubuta. Bayan kwana tara amsa ta zo: ba a yi wa ma'aikaci canjin wuri sai yana zaune a sashensa na asali, don haka a fara mayar da shi. A sakin layi na biyu kuma aka ce an dakatar da duk wani canji daga sashen ayyuka har sai abin da hali ya yi, saboda ƙarancin hannu a wurin ginin sabon masauki. Wato idan ya koma, ya koma ke nan. Saura masa shekara uku ya yi ritaya, zai yi su yana miƙa bulo.

"Na yi iya ƙoƙarina, Baba," in ji Dakta, ta kasa kallon fuskarsa. "Ranar Litinin zan kai ku da kaina."

Ranar Lahadi da la'asar yana zaune a tsakar gida ya zuba tagumi, matarsa ta fito da ƙaramin kwano da tsohon buroshin haƙori.

"Sunkuyo da kan nan."

"Me za ki yi mini?"

"Rini. In dai mayar da kai za su yi, su mayar da kai yadda suka ɗauko ka. Ba za ka shiga wurin yaran nan da furfura su ce an kawo musu kakansu ba."

"Maman yara, ni fa ba kwalliya ce ta dame ni ba."

"Na sani, Malam. Sunkuyo."

Ya sunkuya. Tana shafawa tana mita, ta zagi kwamfuta, ta zagi magatakarda, ta haɗa da Malam Shiru da ya daɗe a kabari, sannan ta nema masa gafara. Ta goge masa farar rigarsa, ta ɗaure masa gwiwa da bandeji tamau a ƙarƙashin wando.

Litinin da hantsi suka ratsa kwaleji a jere. Baba Tsani a gaba da tsani a kafaɗa, kai baƙi wuluk. Dakta a baya rungume da naɗaɗɗiyar takarda. Mai Hatimi ta biyo su da hatiminta da tawada, ta ce ita ta buɗe wannan aro, ita za ta rufe shi. Ɗalibai suna gaishe shi suna tambayar ina za a kai tsanin, yana nuna musu hanyar sashen ayyuka da kai.

Sashen ayyuka ya koma can ƙarshen katanga. Bai ga fuska ɗaya da ya sani ba. Mai kula da sito wani kakkauran mutum ne mai biro uku a aljihu, wanda bai kai shiga makaranta ba lokacin da aka rubuta takardar. Ya karanta, ya shiga ciki, ya daɗe yana tari a cikin ƙura, ya fito da wani tsohon kundi da gara ta ci gefensa. Ga shi nan kuwa, an rubuta fitarsu, gurbin dawowa babu komai.

"Madalla," in ji mai sito. "Sai dubawa. Ba ma karɓar kaya sai mun tabbatar yadda muka bayar aka dawo da shi."

Ya buɗe tsanin, ya girgiza, ya ƙirga hawa tara, ya shafa mahaɗansa ya ji mai. Ko tsatsa babu. Ya yi alama a kundi. Sannan ya juyo kan mai riƙewa. Ya zagaya shi sau biyu. Baba Tsani ya tsaya ƙyam, ya turo ƙirji, bandeji na cin namansa.

"Kai, laburare akwai riƙon amana," in ji mai sito. "Shekara ashirin da bakwai ko furfura babu. Wannan gobe ma sai ya fara a wurin gini." Ya cire murfin biro da haƙori.

Mai Hatimi ta gyara tsayuwa. "Ɗan'uwa, don Allah in tambaya. Da a ce ka tarar kayan sun lalace fa?"

"Ai ba ma karɓa. Wanda ya lalata shi zai riƙe abinsa. Ya sa hannu cewa a wurinsa ya lalace, mu soke shi daga kundinmu, ya zama nasa har abada. Mu ba bola ba ne."

Mai Hatimi ta gyaɗa kai. Ta dai juya ta zuba wa Baba Tsani ido. Ashe duk ɗingishin da yake yi a lungun kantoci, daga kan kantarta ana hangowa.

Gumi ya karyo masa. Shekara biyu yana ɓoye wannan abu kamar sata, ga shi yanzu sai ya kwance shi da bakinsa a gaban yarinyar da ya haifi kamarta, da wani ƙato da bai san shi ba. Ya tuna wahalar da matarsa ta sha jiya da buroshi. Biron mai sito ya sauka a kan takarda.

"Dakata, ɗana," in ji shi. Muryarsa ta fito siririya. "Kayan nan fa sun lalace."

"Ina?"

Ya sunkuya da ƙyar ya naɗe ƙafar wando, ya warware bandejin. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum.

Mai sito ya taɓa da bayan biro. "Wannan ai kumburi ne, yana iya sacewa. Sai kuma me?"

"Idon hagu. Ba ya ganin rubutu."

Mai sito ya rufe masa na dama da tafin hannu, ya ɗaga kundin. "Karanta."

"Ban ma ga kundin ba sosai, balle in karanta."

"Gashin fa? Gashin nan na mai shekara talatin ne."

Mai Hatimi ta jiƙa hankicinta da ruwan gorarta ta miƙa masa. Ya goga a gefen kansa sau biyu. Hankicin ya yi baƙi, furfura ta leƙo. Leburori uku da ke jiran siminti suka matso suna kallo, ɗayansu ya kwashe da dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

"Har yanzu ban gamsu ba," in ji mai sito, shi mutum ne mai tsoron a cuce shi. "Aikinsa tsani ne. Ya hau mu gani."

Dakta ta ajiye takardar a ƙasa ta riƙe tsanin da hannu biyu. Ya fara hawa. Wannan karon bai yi ƙoƙarin burge kowa ba, ya bar ƙafar ta yi abin da ta ga dama. A hawa na huɗu ta fara kyarma, har ƙarfen yana kaɗawa a hannun Dakta. A na shida ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi ukun da suka rage, waɗanda ya taka ba adadi, ya ji hawaye sun cika masa ido, mai gani da marar gani.

"Nan na tsaya," in ji shi.

Da ya sauko, Dakta ba ta saki tsanin ba. "Shi ya sa littattafan hawa na sama suke komawa tsakiya? Wata biyu ina zargin ɗalibai."

"Ni ne, ranki ya daɗe. A gafarce ni."

Mai sito ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Tsani, an karɓa. Mai riƙe shi, an ƙi karɓa: gwiwa, ido, gashi. Ya lalace a hannun laburare." Ya juya kundin ya miƙa wa Dakta biro. Ya ƙara da cewa tsanin zai zauna a sito, domin shi lafiyarsa ƙalau.

Ta riƙe biron ba ta rubuta ba. "Baba, ka san in na sa hannu a nan, ba zan sake barinka ka hau komai ba? Ko kujera. Sai dai ka zauna a tebur kusa da ƙofa kana nuna wa yara hanya."

"Na sani."

"Ka yarda?"

"Teburin a ciki yake ko a waje?"

"A ciki."

"To sa hannu, 'yata."

Ta sa. Mai Hatimi ta hura wa hatiminta iska ta buga a ƙasan sa hannun da ƙarfi, duk da ba wanda ya nemi ta buga. Wani lebura ya ɗauki tsanin ya jingina shi a bayan buhunan siminti, ya buga ƙafar tsanin da bango garin ajiyewa. Baba Tsani ya kawar da kai.

Suka kamo hanyar komawa. Mai Hatimi ta yi gaba don layi na jiranta. Shi yana ɗingishi a fili, rabin kai baƙi rabi fari, bandeji a aljihu, ɗalibai na wucewa suna waiwaye. Dakta, wadda kullum take tafiya kamar za ta rasa mota, ta rage sauri har kafaɗunsu suka daidaita.

"Tun yaushe gwiwar take haka?" ta tambaya.

"Shekara biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa, ranki ya daɗe? Can ba su san ni ba, nan kuma ni ba naku ba ne."

Suka ƙara taku kamar ashirin, ya tsaya a gefen wani dakalin siminti ya dafa shi.

"Yanzu kam gwiwar taku ce," in ji shi, yana zama a hankali. "Kuma ta ce a huta."

Dakta ta duba agogo. Tana da taro da shugaban kwaleji ƙarfe goma sha ɗaya, saura minti huɗu. Ta kaɗe ƙurar dakalin da tafin hannu, ta zauna kusa da shi a cikin rana.